Ga 8:20 nan, ga 8:20 can, amma VLOOKUP ya ce babu: yadda ake gano matsalar a gyara

Wani ƙanena yana riƙe lissafi a wata ma'aikatar fiya-wata. Suna da jadawalin lodi a Excel: kowace mota da lokacinta, ana farawa ƙarfe 7:00 na safe, tazarar minti ashirin-ashirin, har bayan la'asar. A bakin ƙofa kuma akwai akawu da ke shigar da lokacin lodin da ke jikin katin kowace mota. Abin da ƙanen nawa ke so bai taka kara ya karya ba: ya ba fomula lokaci, ta fito masa da sunan direba. Wata ranar Litinin ya kira ni ransa a dagule. "Yaya, ga 8:20 a nan, ga 8:20 a can, da idona nake kallonsu, amma sai #N/A yake ba ni. Wasu layukan sun fito, wasu sun ƙi."

#N/A shi ne yadda Excel ke cewa bai samu abin da ake nema ba. Ga fomular da ya rubuta, babu kuskure ko ɗaya a jikinta:

=VLOOKUP(B2,Lodi!$A$2:$B$40,2,FALSE)

Duk wanda ya daɗe yana aiki da jadawalin zuwan ma'aikata, ko na darussa, ko bayanan na'urar dangwala yatsa, ya taɓa cin karo da irin wannan. Matakan da ke tafe su ne nake bi, kuma a jere nake binsu, domin na farkon sun fi saurin dubawa.

Abin da ke cikin akwati dabam, abin da ido ke gani dabam

Excel bai san wani abu wai shi "ƙarfe takwas" ba. Lamba kawai ya sani. Kwana ɗaya cikakke shi ne 1, lokaci kuma ɓangare ne na wannan ɗayan. Sha biyun rana 0.5 ne, shidan safe 0.25, shidan yamma 0.75. Awa ɗaya ita ce 1 a raba 24, minti ɗaya 1 a raba 1440, sakan ɗaya 1 a raba 86400. Kwanan wata kuwa ƙidaya ce da ta fara daga 1 ga Janairu 1900, shi ya sa 1 ga Janairu 2024 yake 45292. Google Sheets ma haka yake ƙirga kwanakin zamaninmu da lokutansu.

Wannan "8:20" da kake gani riga ce aka sa wa lamba. VLOOKUP da MATCH da XLOOKUP ba sa duba riga, lambar da ke ƙarƙashi suke kwatantawa. Akwati biyu za su iya sa riga iri ɗaya alhali abin da ke cikinsu bai yi kama ba ko kusa.

Mataki na ɗaya: duba fomular kanta

Wannan minti ɗaya ne. Tabbatar ƙarshen VLOOKUP ɗinka FALSE ne ko 0, in daidai-wa-daida kake nema. Tabbatar akwai alamar $ a kewayon da ake bincikawa, don kada ya riƙa zamewa ƙasa idan ka ja fomular. Tabbatar kuma lokacin yana layin tsaye na farko na kewayon, domin VLOOKUP ba ya waiwayawa hagu. In duk waɗannan lafiya, ka wuce.

Mataki na biyu: tuɓe wa lambar riga

Ɗauki layi ɗaya da ya ƙi, kada ka kama duka. Kwafi lokacin da kake nema zuwa wani akwati fanko, ka kwafi takwaransa na cikin jadawali ka ajiye a gefensa. Zaɓi su biyun, danna Ctrl+1, ka mayar da siffarsu General. Yanzu duba abin da ya bayyana.

Idan ɗaya ya koma 0.347222 ɗayan kuma ya ci gaba da zama 8:20 bai motsa ba, wanda bai motsa ɗin nan rubutu ne, je mataki na uku. Idan ka ga lamba babba kamar 45355.347222, akwai kwanan wata a ɓoye. Idan sun ɗan bambanta a lamba ta huɗu ko ta biyar bayan ɗigo, sakanni ne. Idan bambancinsu 0.5 ne cif, safe da yamma ne suka cakuɗe. Waɗannan ukun suna mataki na huɗu. Idan kuwa sun yi kama tamkar an tsaga kara, amma har yanzu binciken ya ƙi, mataki na biyar ne naka, kuma can ne ƙanena ya maƙale.

Mataki na uku: rubutu ne ko lamba?

Gwaji mafi tabbaci shi ne =ISNUMBER(B2). FALSE na nufin rubutu ne. Ana iya ganewa da ido ma, domin rubutu yakan jingina hagu, lamba ta jingina dama, amma kada ka dogara da wannan in wani ya riga ya tsakaita komai don kwalliya.

Rubutu yana shigowa ta hanyoyi da yawa. Bayanan da aka sauke daga na'ura ko daga intanet sukan zo a haka. Akwatin da aka sa wa siffar Text tun kafin a rubuta komai a cikinsa zai riƙe duk abin da aka ba shi a matsayin rubutu, kuma sauya siffar daga baya ba ta gyara shi sai an sake shigar da shi. Sai kuma yadda mutane ke rubutawa: "8:30am" a manne, ba tazara kafin am ɗin, Excel yakan bar shi rubutu. 'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru da suka saba da "8h30" irin na Faransanci, shi ma rubutu ne a wurinsa.

In layin tsaye ɗaya ne gaba ɗaya ya zo a haka, zaɓe shi, je Data, danna Text to Columns, ka danna Finish ba tare da ka taɓa komai ba. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, amma ka tabbata siffar layin ba Text ba ce kafin ka yi. In bai yi ba, akwai abin da ya laɓe a jikin rubutun. Auna tsawonsa da =LEN(B2). "8:30" haruffa huɗu ne, in ka ga biyar to akwai baƙo. TRIM yana cire tazarar da aka saba, amma ba ya taɓa wata tazara mai lamba 160 da ke biyo abin da aka kwafo daga shafukan intanet. Wasu manhajojin zamani kuma suna sa wata siririyar tazara mai lamba 8239 kafin AM da PM. Don ka san wacce ce, nuna wa UNICODE gurbin da kake zargi, misali harafi na biyar: =UNICODE(MID(B2,5,1)). Sannan ka share ta:

=TIMEVALUE(TRIM(SUBSTITUTE(B2,UNICHAR(160)," ")))

Na "8h30" kuwa, =TIMEVALUE(SUBSTITUTE(B2,"h",":")) ya wadatar.

Akwai wanda ya fi waɗannan haɗari, domin shi ISNUMBER zai ce maka TRUE. Mutanenmu da yawa suna rubuta lokaci da ɗigo: 8.30. Excel zai karɓa hannu bibbiyu a matsayin kwana takwas da kashi 0.3 na kwana. In ka sa masa rigar lokaci, 7:12 za ka gani, domin 0.3 sau 24 awa bakwai ne da minti goma sha biyu. Ana dawo da shi hanya da wannan:

=TIME(INT(B2),ROUND(MOD(B2,1)*100,0),0)

Sai dai ka tambayi mai shigarwar tukuna. In ya rubuta 8.5 yana nufin takwas da minti biyar, fomular za ta ba ka 8:50, kuma babu lissafin da zai gane nufinsa sai bakinsa.

Mataki na huɗu: abubuwan da riga ke rufewa

Kwanan wata. Na'urorin dangwala yatsa, da Google Forms, da fomular NOW, duk suna haɗa rana da lokaci a lamba ɗaya. Ƙarfe 8:00 na ranar 4 ga Maris 2024 shi ne 45355.3333, jadawalinka kuma 0.3333 kawai ya sani. An saba a ce ka yi =MOD(B2,1) ka yar da kwanan. Hakan yana aiki, amma yana barin ɓurɓushi: lambobi biyar na kwanan wata sun riga sun cinye wani kaso na gurbin da kwamfuta ke da shi, don haka abin da ya rage bayan ɗigo bai kai na lokacin da aka rubuta da hannu cika ba. Kada ka tsaya a MOD shi kaɗai, mataki na shida zai ƙarasa aikin.

Sakanni. Siffar h:mm tana ɓoye su ne kawai. 8:00:27 da 8:00:45 duk 8:00 za su nuna. Sa siffar hh:mm:ss.000 ka gani da idonka.

Safe da yamma. Mu a baki "ƙarfe biyu na rana" muke cewa, hannu kuma sai ya rubuta 2:00. Excel ya ɗauka biyun dare ne, jadawali kuma 14:00 ya sani. In ka tabbata ba a aiki kafin bakwai na safe, wannan zai gyara: =IF(B2<TIME(7,0,0),B2+0.5,B2). A wurin da ake kwana ana aiki, kamar asibiti ko gidan biredi, kada ka yi amfani da ita, sai dai a koma wa takardar asali.

Sha biyun dare ma tana da nata: 0:00 sifiri ne, 24:00 kuma 1 ne, kuma a siffar h:mm duk 0:00 za su nuna.

Mataki na biyar: ƙurar lissafi

Nan ne ya kamata a zauna a fahimta, domin mutane da yawa a nan suke sarewa su ce manhajar ce ta lalace.

Kwamfuta tana ajiye lamba da sifiri da ɗaya, bisa wani ƙa'idajjen tsari da ake kira IEEE 754, kuma gurbin da take da shi yana da iyaka. Yadda ba za ka iya rubuta ɗaya bisa uku ya ƙare ba, sai 0.3333 har ka gaji ka yanke, haka ita ma take yanke yawancin lokuta. Ƙarfe 8:00 ɗaya bisa uku ne na kwana daidai, don haka abin da ke ajiye kusa da shi ne ƙwarai, ba shi ne cif ba. A gaskiya, cikin mintuna 1440 na kwana, 32 ne kacal suke zama cif ba yankewa, wato duk bayan minti 45: 0:45, 1:30, 2:15, 3:00, har zuwa irin su 6:00, 8:15, 9:00 da 12:00. Sauran duk an ɗan yanke musu wutsiya.

Yankewar ita kaɗai ba ta kawo matsala. In mutum biyu suka rubuta 8:20 da hannu, yanka iri ɗaya za a yi musu, kuma za su dace. Matsala tana zuwa ne idan ɗaya an rubuta shi, ɗayan an lissafo shi. Ƙanena ya gina jadawalinsa da =A2+TIME(0,20,0) ya ja har ƙasa. Kowane layi yana ɗaukar ƙurar na samansa ya ƙara tasa. Wani lokaci ƙurar ta soke juna sai layin ya dace, wani lokaci ta taru sai ya ƙi. Abin da ya sa ya ga wasu sun fito wasu sun ƙi ke nan, ba tare da wani tsari da ido zai kama ba. Jan lokuta biyu da linzamin kwamfuta don su cika sauran ma yakan haifar da irin wannan.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne Excel yana taya ƙurar ɓuya. Lambobi 15 kawai yake nunawa, bambancin kuma yana bayansu. A ce lokutan biyu suna D2 da E2: in ka rubuta =D2=E2 zai iya ce maka TRUE, domin a nan yana sassautawa. In ka rubuta =D2-E2 zai iya ba ka 0, domin yakan share ragowar da ta yi ƙanƙanta sosai idan ragewa ce aikin ƙarshe a fomular. MATCH da VLOOKUP kuwa ba su da wannan sassaucin. Don ka tilasta masa ya faɗi gaskiya, kada ka bar ragewar ta zama ta ƙarshe:

=1*(D2-E2)

Sa wa akwatin siffar Scientific. In ka ga wani abu mai E-16 ko E-17 a ƙarshe, ka kama ɓarawon. Ka iya gwada dabarar a akwati fanko da =1*(0.5-0.4-0.1): maimakon sifiri, -2.78E-17 za ka samu. Da ƙanena ya ga irin wannan lambar ta fito a gaban 8:20 ɗinsa, shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ashe ba ni na yi kuskure ba."

Akwai wani zaɓi a File, Options, Advanced mai suna Set precision as displayed, kuma za ka ji ana ba da shawararsa. Ni ban yarda da shi ba ko kaɗan. Yana datse lambobin fayil ɗin gaba ɗaya zuwa yadda suke nunawa, har da na kuɗi, kuma abin da ya datse ba ya dawowa.

Mataki na shida: mayar da lokaci cikakkiyar lamba, a ɓangarorin biyu

Cikakkiyar lamba irin 480 ko 500 ba ta da wutsiya, don haka ba ta tara ƙura. Maganin da na fi amincewa da shi shi ne ka daina kwatanta lokaci da lokaci, ka kwatanta minti da minti. A takardar jadawali, buɗe sabon layin tsaye, a ce C, ka rubuta:

=HOUR(A2)*60+MINUTE(A2)

A takardar rajista, wato wadda akawu ke cikawa, ma ka yi haka a C, kana nuna B2. Ƙarfe 8:00 zai zama 480, 8:20 ya zama 500, 14:00 ya zama 840. In sakamakon ya fito da rigar lokaci, mayar da shi General. Fomular nan tsuntsu uku take jifa da dutse ɗaya: ta yar da kwanan wata, ta yar da sakanni, ta kakkaɓe ƙura. Sai binciken:

=INDEX(Lodi!$B$2:$B$40,MATCH(C2,Lodi!$C$2:$C$40,0))

Mai Microsoft 365 ko Excel 2021, ko mai Google Sheets, zai iya rubuta =XLOOKUP(C2,Lodi!$C$2:$C$40,Lodi!$B$2:$B$40).

Ka lura na ce ɓangarorin biyu. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya tsabtace abin da yake nema ya bar jadawalin da ƙurarsa, sai ya dawo ya ce maganin bai yi ba.

Akwai wata hanyar, =ROUND(A2*1440,0), kuma ita ce ta dace idan tsawon lokaci kake kwatantawa, kamar awa 30 na aikin mako, domin HOUR yana komawa sifiri duk bayan awa 24. Amma ka san bambancinsu: ROUND zai ɗaga 8:00:45 ya zama 481, HOUR da MINUTE su bar shi 480. A batun makara, wannan minti ɗayan yana iya zama kuɗin wani, don haka ka yanke shawara da gangan. In sakan ma yana da muhimmanci a aikinka, yi amfani da 86400 a madadin 1440. In kuma ranar ce kake so ta shiga cikin kwatancen, ROUND ɗin nan yana riƙe ta, muddin ɓangarorin biyu suna ɗauke da kwanan wata.

Ana iya cusa komai a fomula ɗaya ba tare da ƙarin layi ba:

=XLOOKUP(ROUND(B2*1440,0),ROUND(Lodi!$A$2:$A$40*1440,0),Lodi!$B$2:$B$40)

Yana aiki a sabon Excel, a Google Sheets kuma sai ka naɗe shi cikin ARRAYFORMULA. Ni dai na fi son layin taimako, ko da zan ɓoye shi daga baya. Wanda zai gaji fayil ɗin bayanka zai ga 500 a nan, 500 a can, ya gane abin da ake yi ba sai ya kira ka ba.

MROUND(A2,"0:01") ma ana yawan ambatonsa. Sakamakonsa har yanzu ɓangaren kwana ne mai wutsiya, don haka zai iya ƙin dacewa da wanda aka rubuta da hannu.

Mataki na bakwai: inda babu #N/A amma amsar ba daidai ba ce

Wannan ya fi damuna fiye da duk na baya. A ce kana da teburin makara: daga 0:00 "kan lokaci", daga 8:01 "makara", daga 8:30 "makara sosai", kana amfani da VLOOKUP mai TRUE a ƙarshe. Irin wannan binciken yana ɗaukar mafi girman lambar da ba ta wuce abin da ka ba shi ba. In 8:30 ɗin ma'aikaci ya gaza 8:30 ɗin tebur da ƙura ɗaya, zai faɗa rukunin da ke sama, ba wata alama, ba wani jan kunne. A ɗaya gefen kuma, 8:01 na tebur in lissafo shi aka yi, zai iya sa a ƙyale wanda ya makara. #N/A aƙalla yana ihu, wannan kuwa shiru yake yi har a biya albashi.

Maganin ɗaya ne: rubuta iyakokin teburin da cikakkun mintuna, 0, 481, 510, a jere daga ƙarami zuwa babba, ka bincika da layin mintuna. Sannan ka gwada bakin iyaka da hannunka: sa 8:00, 8:01, 8:29, 8:30, ka ga kowanne ya faɗa inda ya kamata.

Haka kuma kada ka yi gaggawar naɗe fomularka cikin IFERROR tun ba ka gano dalilin kuskuren ba. In ka rufe shi da akwati fanko, motar da ba a samu direbanta ba za ta ɓace daga lissafi, ba wanda zai tambaya.

Idan komai ya goce da awa ɗaya cif

Duba agogon da na'urar ke bi. Manhajoji da yawa na intanet suna fitar da bayanai da agogon UTC, alhali Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suna gaba da shi da awa ɗaya, Sudan da awa biyu, Gana kuwa daidai take da shi. Ƙara mintunan a layin taimako, kada ka ƙara 1/24 a kan lokacin: =MOD(HOUR(B2)*60+MINUTE(B2)+60,1440). A Google Sheets, yankin agogon fayil yana File, Settings, kuma shi ne lokacin da Google Forms ke bugawa yake bi. Masu tattara bayanai da KoboToolbox kuma sun san irin wannan dogon rubutun: 2024-03-04T08:20:12.345+01:00. Lokacin yana farawa a harafi na 12, don haka =TIMEVALUE(MID(B2,12,8)) zai zaro shi, wutsiyar +01:00 kuma ita ke gaya maka agogon wace ƙasa ne.

Wanda Excel ɗinsa na Faransanci ne, dabarun duk ɗaya ne, sunaye ne suka sauya: RECHERCHEV, RECHERCHEX, EQUIV, ARRONDI, ESTNUM, TEMPSVAL, HEURE, kuma alamar ";" ce ke raba sassan fomula a maimakon waƙafi.

Toshe ƙofar da matsalar ke shigowa

Bayan mun gyara fayil ɗin ƙanena, mun yi abu biyu. Jadawalin lodi mun sake gina shi yadda kowane layi zai tsaya da ƙafarsa, ba ya dogara da na samansa: =TIME(7,20*(ROW()-2),0) a A2, aka ja ƙasa. TIME yana karɓar mintunan da suka wuce 60 ya mayar da su awanni da kansa. Layin da akawu ke shigar da lokaci kuma mun zaɓe shi, muka je Data, Data Validation, muka zaɓi Time, tsakanin 7:00 da 18:00. Yanzu in ya rubuta 8.30, ko 2:20 yana nufin na rana, akwatin zai ƙi karɓa nan take, motar tana tsaye a gabansa da katinta, ya duba ya gyara kafin ta fita.